ƘARFIN ABINCIN DABBOBI: YADDA ZA KA AUNA SHI KAFIN KA BIYA KUƊI

Manomi, in kana da rago a turke, ko shanun noma, ko saniyar tatsa, wannan takarda taka ce. Daga watan Janairu zuwa faɗuwar ruwa kusan duk abin da dabbarka za ta ci sai ka saya, ko kuwa ka ɗebo daga abin da ka ajiye a kan rumfa. A wannan lokaci ne masu kiwo da yawa ke yin hasara ba su sani ba. Mutum ya sayi rago wata uku kafin Babbar Salla, kullum yana zuba masa abinci, cikin ragon a cike, amma ranar da ya kai shi kasuwa dillali ya taɓa gadon bayansa ya ji ƙashi. Abincin ya shiga, ƙarfin da ke cikinsa ne bai kai ba.

Mu a kasuwa da mudu da tiya da dami muke ciniki. Waɗannan kuwa girma suke aunawa. Cikin dabba bai san girma ba, abin da ya sani shi ne ƙarfin da zai iya tatsa daga abincin. Malaman kiwo suna da ma'auni na wannan ƙarfi, kuma shi ne lambobin da kake gani a jikin buhun abincin kanti da takardun malaman gona. Matsalar ita ce ma'aunin ba ɗaya ba ne.

MENE NE ƘARFIN ABINCI?

Ka dubi itacen girki. Icen kirya da karan dawa duk suna cin wuta, amma uwargida ta san wanda zai dafa mata wake. Haka abinci yake a jikin dabba. Da ƙarfinsa take numfashi, take tafiya, take tuƙa, take jan garma. Abin da ya ragu bayan wannan shi ke zama nama da kitse da nono.

Sai dai ba duk ƙarfin da ke cikin abinci dabba ke mora ba. Wani kashi yana fita a kashi, shi ne wanda bai narke ba, kuma a abinci mai kaushi irin su kara yakan kai rabi. Wani yana fita a fitsari, wani a gyatsa, don tumbin saniya da na tunkiya suna yin iska mai yawa. Abin da ya rage a jiki shi muke kira ƙarfi mai amfani. A takarda ana rubuta shi da harufa biyu, ME. Duk lissafin da za mu yi a nan a kansa za mu yi.

DON ME MA'AUNIN YA YI YAWA?

Kowace ƙasa da inda malamanta suka yi karatu. Mutanen Ingila da can suna gwada kowane abinci da sitaci, sa'an nan a shekarar 1975 suka koma awo da megajul, wanda ake rubutawa MJ. Mutanen Amurka suna aiki da TDN, watau jimlar abin da ke narkewa cikin kashi ɗari na abinci, suna kuma aiki da megakalori, Mcal. Masu haɗa abincin kaji sun fi son kilokalori, kcal. Mutanen Faransa kuwa suka ɗauki kilo ɗaya na sha'ir suka ce shi ne awo ɗaya, suka sa masa suna UF, kuma shi ne za ka tarar a takardun malaman kiwo na Nijar da Chadi da Kamaru. Mu da ke tsakiya duk sun iske mu. Mai kiwo a Jibiya ko Illela yana iya ganin uku daga cikinsu a kasuwa ɗaya.

Kada wannan ya ba ka tsoro. Kamar naira da sefa ne. Ɗan canji ba ya ruɗewa don kuɗi iri biyu ne a hannunsa, ya san nawa ke zama nawa. Kai ma ka zaɓi ma'auni ɗaya, ka mai da sauran gare shi. Mu megajul muka zaɓa, don lambobinsa ƙanana ne, suna da sauƙin riƙewa a ka.

YADDA AKE CANJIN

In ka ga kcal, ka raba da 240. Ainihin lambar 239 ce, amma 240 ta fi sauƙin lissafi, kuma bambancin ba zai rame da rago ba. Buhun da aka rubuta wa kcal 2,500 a kilo yana da megajul 10 da rabi, ko kusa da haka.

In ka ga Mcal, ka ninka sau 4.2. Megakalori ɗaya kilokalori dubu ne, saboda haka Mcal 2.5 shi ne dai kcal 2,500 ɗin nan, megajul 10 da rabi.

In ka ga TDN, ka ninka lambar sau 15, ka raba da 100. Abinci mai TDN 70 cikin ɗari: 70 sau 15 ya ba da 1,050, a raba da 100, megajul 10 da rabi.

Ka lura? Buhu uku, ɗaya an rubuta 2,500, ɗaya 2.5, ɗaya 70, alhali kuwa ƙarfinsu ɗaya. Na taɓa ganin wani dattijo ya ƙara kuɗi ya ɗauki buhu mai lambar dubbai, ya bar mai lamba goma sha ɗaya, wai wancan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka buga lissafi, wanda ya bari ɗin ya ɗan fi. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ka dubi harufan da ke gefen lamba kafin ka dubi lambar.

Wani lokaci za ka ga DE a maimakon ME. Wannan ƙarfin da ya narke ne, ba a cire na fitsari da gyatsa ba tukuna. Ga shanu da tumaki da awaki, ka ninka shi sau 82 ka raba da 100, sai ya zama ME. In kuma littafin na Amurka ne, mai yiwuwa a kan laba aka yi lissafin, ba kilo ba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, sai ka ninka.

UF shi ne mai ɗan wuyar sha'ani. Kilo ɗaya na sha'ir yana da megajul kamar 11, saboda haka ga hatsi da dusa da ƙuli-ƙuli kana iya ninka UF sau 11 ka sami abin da ya yi kusa. Amma Faransawa sun ƙara cire wani abu da sauran ba su cire ba, watau ƙarfin da ke tafiya a zafin jiki lokacin da dabba ke fama da tauna da narkar da abinci. Kara da busasshiyar ciyawa sun fi cin wannan wahala, shi ya sa lambarsu ta UF takan yi ƙasa ƙwarai, kuma in ka ninka ta sau 11 za ka rage musu. In takardarka ta UF ce, ya fi kyau ka gwada UF da UF, kada ka gauraya. Tun 1978 ma sun raba shi biyu, UFL na dabbar tatsa, UFV na dabbar da ake kiwo don nama. Rago mai kilo 30 yana bukatar kamar rabin UF kullum don ya tsaya yadda yake.

Abu guda kuma: lambar da ke jikin buhun abincin kaji, ta kaji ce. Kaza ba ta da tumbi, ba ta narkar da harawa. Kada ka ɗauki lissafin kaza ka ɗora wa rago, ko na rago ka ɗora wa kaza.

RUWA BA ABINCI BA NE

Nan ne malamai da kansu kan yi tuntuɓe. Yawancin lambobin littafi an yi su ne a kan abincin da aka busar ƙarau, ba ɗigon ruwa a ciki. Za ka ga an sa DM a gefe, ko MS in takardar Faransanci ce. Amma abin da kake zuba wa dabba yana da ruwa. Hatsi da dusa da harawa, ko sun bushe yaya, kashi ɗaya cikin goma ruwa ne. Saboda haka ka cire kashi ɗaya cikin goma daga lambar littafi. In an ce 11, ka riƙe 10.

Ɗanyar ciyawar damina kuwa, kashi huɗu cikin biyar ruwa ne. Littafi zai ce tana da megajul 9, gaskiya ne, amma sai an busar. Kilo ɗaya da ka yanko da lauje bai fi megajul 2 ba. Yaron da ya kawo wa rago ƙunshin ciyawa mai kilo biyu ya ce ya ƙoshi, ruwa ya kawo masa mafi yawa. Rago mai kilo 30 sai ya ci kilo biyar ko fiye na ɗanyar ciyawa kafin ya sami abin da kilo ɗaya na dusa zai ba shi.

ƘARFIN ABINCIN DA MUKA SABA DA SHI

Ga lambobi na kilo ɗaya, yadda abincin yake a hannunka, an riga an cire ruwan. Na shanu da tumaki da awaki ne. Kimantawa ce, don dusar wani injin ta fi ta wani, harawar wani ta fi ta wani ganye.

Masara, dawa, gero: megajul 12
Ƙuli-ƙuli: megajul 12
Angurya: megajul 11
Dusa mai kyau: megajul 10
Harawar gyaɗa ko ta wake: megajul 7 da rabi
Karan dawa ko na masara: megajul 6
Karan shinkafa, busasshiyar ciyawar rani: megajul 5
Ɓuntun shinkafa: megajul 3 ko ƙasa
Ɗanyar ciyawa: megajul 2

Ka dubi ɓuntu da kyau. Dusar shinkafa zalla abinci ce mai ƙarfi, amma ƙananan injina sukan haɗa ta da ɓuntu su niƙe tare, wasu 'yan kasuwa kuma da gangan suke ƙarawa. Ka damƙi dusa a tafin hannu ka murza. In ta yi laushi ta bar gari a hannunka, ta yi. In tana sukar hannu kamar yashi, ka rage mata kuɗi ko ka wuce.

Harawa ma ƙarfinta a ganye yake. Wadda aka bari a gona rana ta cinye ta, ko ruwan ƙarshe ya doke ta ta yi baƙi, ganyen ya kakkaɓe, ta kusa komawa kara ko da sunanta harawa.

NAWA DABBA KE BUKATA?

Rago mai kilo 30, ɗan ƙasa ko Uda ko Balami, yana bukatar megajul 5 da rabi zuwa 6 kullum don ya rayu kawai, ba ƙari ba ragi. In kana so ya riƙa ƙara gram 100 kullum, watau kilo 3 a wata, sai ka kai shi megajul 9. Amma cikinsa ba rumbu ba ne. Abin da zai iya ci a yini bai wuce kilo ɗaya na busasshen abinci ba, ko da ɗan ɗori. In kara ne zalla ma ba zai ci haka ba, don kara yana daɗewa a tumbi, da ƙyar zai ci gram 600 ko 700. Gram 700 na kara megajul 4 ne da 'yan kai. Ga dalilin da ya sa dabba ke ramewa da rani alhali kara na gabanta.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa. Mutum biyu sun turke raguna kwana 90. Na farko yana ba da megajul 6 kullum, don yana tsimi. A kwana 90 ya ciyar da megajul 540, ragon kuwa yana nan yadda aka sayo shi. Na biyu yana ba da 9, ya ciyar da 810, ragonsa ya ƙara kilo 9. Na farko ya kashe kashi biyu cikin uku na abin da na biyu ya kashe, bai sami ko laba ɗaya ta nama ba. Ukun nan na sama su ne ke yin ƙiba, shidan farko kuɗin haya ne kawai. Saboda haka in abincin da ke hannunka ba zai ishi raguna uku ba, ka turke biyu ka ciyar da su sosai.

Ga misalin abincin yini ɗaya da zai kai megajul 9:

Harawa gram 600, sau 7 da rabi: megajul 4.5
Dusa gram 350, sau 10: megajul 3.5
Ƙuli-ƙuli gram 100, sau 12: megajul 1.2

Jimla 9.2 ke nan, nauyin duka kuwa kilo ɗaya da gram 50, cikin rago zai ɗauka. A kwana 90 za ka bukaci harawa kilo 54, dusa kilo 32, ƙuli-ƙuli kilo 9. In rago ya ƙara girma sai ka ɗan ƙara masa. Ka san wannan tun ranar da za ka sayi ragon, ba sai abinci ya yanke a tsakiya ba.

Sa ko saniya mai kilo 250 tana bukatar megajul kamar 30 kullum don tsayuwa. Ran da sa ya yi huɗa, ka ƙara masa sulusi zuwa rabin wannan. Abin takaici, farkon damina lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da shanun noma suka fi rama. Ka ware musu harawa da dusa tun da kaka, ka fara ba su wata guda ko biyu kafin ruwa ya sauka. Saniyar tatsa kuwa, kowace lita ta nono tana cin megajul kamar 5, watau rabin kilo na dusa. In ba ka ba ta ba, daga jikinta za ta cira.

KA AUNA MUDUNKA SAU ƊAYA

Za ka ce, malam, ni ba ni da sikeli. Ba sai ka saya ba. Ran kasuwa ka ɗauki mudun da kake aiki da shi a gida ka je wurin mai sikeli, ko mahauci, ko mai sayen gyaɗa. Ka cika shi da dusa a auna, ka cika da masara a auna, ka cika da dakakken ƙuli-ƙuli a auna. Ka sa a rubuta maka, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta a bangon rumbu. Haka za ka yi wa dami ɗaya na harawa da na kara. Mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, shi ya sa ba mu ba ka lamba a nan ba. Amma za ka tarar mudun dusa bai fi rabin nauyin mudun masara da yawa ba. Ke nan mudu ɗaya na masara ya yi mudu biyu na dusa a ƙarfi, har da ɗori.

WANNE YA FI ARAHA?

Farashi yana sauyawa kowace kasuwa, saboda haka waɗannan kuɗi misali ne kawai, ka sa naka a madadinsu. Hanyar ita ce: nauyi sau ƙarfi, sa'an nan ka raba kuɗin da abin da ya fito.

A ce buhun dusa mai kilo 25 naira 10,000 ne. Kilo 25 sau 10, megajul 250. Kowane megajul ya tashi naira 40.

A ce damin harawa mai kilo 8 naira 3,000 ne. Kilo 8 sau 7 da rabi, megajul 60. Kowane megajul naira 50. Ashe a wannan kasuwa dusa ta fi harawa araha, ko da yake damin ya fi cika ido. Haka takan faru a birane da bazara, lokacin da harawa ta yi wuya. Da kaka kuwa a ƙauye lissafin yakan juye, shi ya sa mai dabara yake sayen harawarsa a lokacin, ya ɗora a rumfa inda rana da ruwa ba za su same ta ba.

A ce damin kara mai kilo 10 naira 1,500 ne. Megajul 60, kowane naira 25. Ka ce ka sami banza. Tsaya tukuna. In ka jefa wa rago kara yadda yake, ganye da kan zai ci, ya bar maka sanda. In ya bar rabi, megajul ɗinka ya koma naira 50, daidai da harawa, ga shi kuwa bai kai ta gina jiki ba. Abin da dabba ta ci shi za ka lissafa, ba abin da ka zuba ba. In ka sassare karan ƙanana da adda, ko ka kai injin yanka, ka yayyafa ruwan gishiri ko na kanwa kaɗan ka barbaɗa dusa, za a ci fiye da haka.

Ƙuli-ƙuli kusan kullum shi zai fi tsada a wannan lissafi, wani lokaci ninki biyu. Kada ka bar shi don haka. Ba don ƙarfi kaɗai ake sayensa ba, don sinadarin gina jiki ne, wanda ya kusa rabin nauyinsa. Kara da busasshiyar ciyawa ba su da wannan sinadari sai kaɗan, kuma in babu shi ƙananan halittun da ke cikin tumbi ba sa iya narkar da karan da kyau. Ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya ko harawar wake yakan sa dabba ta ƙara cin kara, ta kuma ƙara morarsa. Kaɗan ya isa. Wanda ya yi funfuna kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, yana da dafi mai lalata hanta.

KADA LISSAFI YA RUƊE KA

Wani zai ce, tun da dusa da hatsi sun fi ƙarfi, bari in ba ragona su zalla ya yi saurin ƙiba. Kul! Tumbi yana bukatar abinci mai kaushi don dabba ta yi tuƙa. Ragon da aka ɗura wa hatsi ko dusa da yawa farat ɗaya, cikinsa yakan yi tsami, ya kumbura, ya yi zawo, ya daina ci, wani ma ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Kowace shekara ana rasa raguna ta haka ana saura 'yan kwanaki Salla. Ka bar aƙalla rabin abincin ya zama harawa ko ciyawa. In za ka fara ba da dusa, ka fara da cikin tafi ɗaya, ka riƙa ƙarawa a hankali har mako biyu, kuma ka raba ta safe da yamma. Angurya ta manyan shanu da tumaki ce, kada ka ba kaji ko 'yan maruƙa da 'yan tumakin da ba su fara tuƙa ba. Ruwa mai tsabta da gishiri su kasance kusa kullum.

In ka yi duk wannan, lissafi ya nuna megajul 9 amma bayan wata guda rago bai motsa ba, to, akwai mai ci tare da shi. Yawanci tsutsar ciki ce. Ka kai wa ma'aikacin dabbobi ya duba, ya fi kyau ma a ba da maganin tsutsa tun ranar da aka turke. In kuma ka sayi buhu mai lambar da ba ka gane ba, ka yage takardar da ke jikinsa ka kai wa malamin gona na yankinku, ku buga lissafin tare kafin ka sayi na biyu.